Jirgin ruwa ba shi da birki: Yadda ake gano matsalar giyar injinsa da yadda ake gyara ta

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a watan Maris zai tarar koguna sun koma filin yashi, masu lambu na haƙa rijiyoyin ban-ruwa a tsakiyarsu, yara kuma na tsallakawa da ƙafa. Idan ya dawo a watan Agusta sai ya rantse ba nan ba ne. Kogin Bunga, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Gwaram kafin ya nufi Jama'are, yakan cika ya batse, haka ma rafukan yankin Birnin Kudu, har da na wajen Kiyako. A irin wannan lokaci manomin da gonarsa ke hayi, da mai kai mara lafiya asibiti, da ɗan kasuwa, kowa yakan koma hannun masu fito.

Akasarin fiton da ake yi a wannan yanki da kwale-kwalen katako ne, ana tura shi da gora ko a tuƙa da filafili. Sai dai ambaliyar 2022, wadda ta mamaye da dama daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, ta nuna cewa akwai ranar da gora ba ta taɓo ƙasa, sai an nemi jirgi mai inji. A Yauri da Warrah da ke bakin tafkin Kainji, da Baga a Tafkin Chadi, irin wannan jirgi ya daɗe da zama motar haya. A wurare irin su Kiyako kuwa baƙo ne, kuma ranar da ya lalace wanda za a fara kira shi ne bakaniken babur ko na injin ban-ruwa. Wannan bawan Allah ya san fulogi, ya san kafireto, ya san fistin. Abin da ke nutse cikin ruwa a ƙasan injin ne bai saba da shi ba, kuma a can giya take.

Dalilin da ya sa batun ya wuce zancen kuɗin gyara shi ne, jirgin ruwa ba shi da birki. Mota idan giyarta ta ƙi, direba na da birkin ƙafa da na hannu. Matuƙin jirgi idan ya doso gaɓa, abin da yake da shi kawai shi ne ya sauke totur, ya mayar da giya firi, sannan ya ɗan sa ribas domin farfela ta ja jirgin baya. Ribas ɗin nan ita ce birkinsa. Jirgin da giyarsa ta maƙale a gaba zai daki gaɓa ko wani jirgin. Wanda kuma giyarsa ta fice a tsakiyar kogi, ruwa ne zai zaɓa masa hanya, ya juya shi a karkace, kuma a nan ne kwale-kwale mai lodi yake kifewa. Haɗarin da ya auku a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ranar 30 ga Nuwamban 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, an ɗora alhakinsa ne kan lodin da ya wuce kima, ba kan giya ba. Amma lodi da giya suna da alaƙa: jirgi mai nauyi ya fi wuyar tsayawa, kuma nauyin nan duk a kan wasu 'yan haƙoran ƙarfe yake sauka, waɗanda ba su kai kan yatsa girma ba.

Inji iri biyu, ƙafa iri ɗaya

Injin da aka fi gani a kogunan Arewa shi ne na ratayawa, wanda ake ɗaurawa a katakon gindin jirgi, kansa a sama, ƙafarsa a ruwa, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40. Irin waɗannan injuna na farko ba su da firi ko ribas, da an tayar sai tafiya, kuma sai a wajen 1949 ne kamfanin Johnson na Amurka ya yaɗa samfuri mai giyar gaba da firi da baya.

Iri na biyu shi ne wanda injinsa ke zaune cikin jirgi kamar injin mota, ƙafarsa kaɗai ce ke fitowa ta bangon baya ta shiga ruwa. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fara fito da shi kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, sannan Mercury na Amurka ya biyo baya da MerCruiser a 1961. An fi samun wannan a jirage masu gudu na roba, irin waɗanda ke zirga-zirga a Legas da Fatakwal. Idan aka kawo irinsa Arewa, ƙaramar matsala kan iya zaunar da shi shekaru a ƙarƙashin bishiya, saboda babu wanda ya san inda zai sa hannu. Alhali kuwa ƙafar samfurin da ya fi yawa, wato Alpha One na MerCruiser, kusan ƙanwar ƙafar injin ratayawa ce. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar ɗayar.

A cikin ƙafar akwai sandar ƙarfe da ke saukowa a tsaye daga inji, a ƙarshenta akwai ƙaramar giya mai haƙora. Wannan ƙaramar giya tana cuɗe da manyan giyoyi biyu da ke fuskantar juna, ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta. Muddin inji na aiki dukansu biyu suna juyawa, wannan ta yi dama, waccan ta yi hagu, amma babu wadda ke riƙe da sandar farfela da ta ratsa ta tsakiyarsu. Abin da ke riƙe da sandar wani zoben ƙarfe ne mai kauri da ke zaune tsakanin giyoyin biyu, yana zamewa gaba da baya a kan tsagi-tsagin da aka yi wa sandar, kuma yana da haƙora a fuskokinsa biyu. Turawa suna kiransa da sunan kare, saboda yadda yake cafka ya riƙe. Mu kira shi zoben cafka. Idan yana tsakiya, firi ke nan. Idan aka tura shi ya cafki giyar gaba, farfela ta juya jirgi ya tafi. Idan ya cafki ta baya, ribas ta shiga.

Abin lura a nan shi ne babu kuloci irin na mota da ke sassauta haɗuwar. Ƙarfe mai gudu ne ke haɗuwa da ƙarfe a tsaye. Shi ya sa giya mai lafiya take shiga da ƙara guda ɗaya, "ƙwas", shi ke nan. Matuƙa da yawa, don tausayin inji, sukan tura hannun giya a hankali a hankali, sai a ji "ƙar-ƙar-ƙar" kafin ta shiga. Wannan tausayi shi ke kashe giya, domin kowace ƙara a cikin waɗannan, kaifin haƙori ne ke gogewa. Ka'idar ita ce a sauke totur har ƙasa, a dakata inji ya lafa, sannan a tura hannun giya da azama a motsi guda. Samfurin Bravo na MerCruiser da ƙafafun Volvo Penta sun bambanta, domin su suna amfani da wani kuloci mai siffar mazurari da ke saman ƙafar, don haka shigarsu ta fi taushi. Bayanin da ke tafe ya fi shafar masu zoben cafka.

A fara daga hannu, a gangara zuwa ruwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne da giya ta fara gardama sai a kwance ƙafar inji a zube haƙora a kan tabarma. Mafi yawan matsalolin giya ba a cikin ƙafar suke farawa ba. Suna farawa ne a hanyar da ke kai umarni daga hannun matuƙi zuwa zoben cafka, wato kebur da sanduna da notocin da ke haɗa su. Idan wannan hanya ta yi sako-sako ko ta yi tauri, zoben ba zai shige har ƙarshe ba, sai ya riƙe da bakin haƙori kawai. A haka zai yi ta aiki wata biyu ko uku har bakin ya goge, sannan matsalar da noti ɗaya zai iya magancewa ta koma ta sayen giya sabuwa.

Saboda haka bincike yakan fara ne da silo. Injin fetur na cikin jirgi yakan yi silo a wajen juyi 600 zuwa 700 a minti ɗaya, na ratayawa mai shan fetur gauraye da mai kuma yakan ɗan ɗara haka. Idan inji na yawan mutuwa saboda kafireto ya yi datti, maimakon a wanke shi, wasu sai su ƙara silo. Inji ya daina mutuwa, amma daga ranar duk shigar giya duka ce. Wanda ya ji giyarsa na shiga da ƙarfi har jirgi ya zabura, ya fara duba nan.

Daga nan sai a raba gardama tsakanin kebur da ƙafa. A kashe inji, a cire igiyar kashewa da hulunan fulogi domin kada ya tashi bisa kuskure, saboda za a sa hannu a farfela, kuma farfela ba ta san mai ita ba. Sai a kwance kebur ɗin giya daga inda ya haɗu da inji, a motsa hannun giya. Idan har yanzu da tauri, laifin na kebur ɗin sama ne ko na akwatin da hannun ke ciki: tsatsa, busasshen giris, ko lanƙwasa mai tsanani a inda kebur ya bi ta ƙarƙashin katako. Idan kuwa hannun ya saki, to matsalar tana gaba. Sai mutum ɗaya ya tura sandar giya da hannunsa a jikin inji, wani kuma yana juya farfela a hankali. Juyawar nan wajibi ce. Idan inji a kashe yake, haƙoran zobe kan tsaya kai-da-kai da na giya, kuma wanda ya danna da ƙarfi ba tare da an juya farfela ba zai lanƙwasa sanda, ya ƙara wa kansa aiki. A ƙafa mai juyi na yau da kullum, idan giyar gaba ta shiga sosai, farfela za ta ƙi juyawa ta hagu ga wanda ke tsaye a bayan jirgi yana kallonta. Idan ribas ce za ta ƙi juyawa ta dama. A firi kuwa ta juya ko'ina ba tare da wata ƙara ba. Idan duk ukun sun samu da hannu, ƙafa lafiyarta ƙalau, saiti ne ya goce.

Makunnin da ake zargi ba da laifinsa ba

Masu ƙafar Alpha One suna da wata matsala tasu ta daban, wadda ke ruɗa ko da gogaggen bakanike. Jirgi na tafiya lafiya, amma da an zo gaɓa an taɓa hannun giya sai inji ya mutu. A tayar, a sake sa giya, ya sake mutuwa, ruwa kuma na jan jirgin.

Asalin abin shi ne an yanke haƙoran zoben wannan ƙafa da ɗan lanƙwasa ta ciki, ta yadda idan farfela na tura ruwa sai su ƙara kulle juna. Wannan yana hana giya ficewa a kan tafiya, amma kuma yana sa fitar da ita zuwa firi ta yi wuya. Don haka aka sa wani ɗan makunni a kan farantin da kebur biyu ke haɗuwa a jikin inji. Idan matuƙi ya ja hannu zai fita daga giya, nauyin da ke kan kebur yakan danna makunnin, shi kuma ya ɗauke wutar fulogi na ƙiftawar ido. A wannan ɗan taƙi inji ya yi sanyi, zobe ya saki, makunni ya koma, wuta ta dawo kafin inji ya mutu.

To idan kebur ɗin ƙasa, wanda ya tashi daga farantin nan ya ratsa bangon jirgi ya shiga ƙafa, ya yi tsatsa ya yi tauri, sai ya riƙa danna makunnin ya daɗe bai saki ba, har ma a lokacin shiga giya, inda bai kamata makunnin ya motsa ba. Inji kuwa sai ya mutu. Maganin gaggawa da ake yawan yi shi ne a cire wayar makunnin. Inji zai daina mutuwa, gaskiya ne, amma ranar da aka doso gaɓa da fasinjoji giya za ta ƙi fita daga gaba. An sayar da birki ke nan an sayi kwanciyar hankalin awa ɗaya. Abin da ya lalace kebur ne, shi za a canza. Wani abin da ke ƙara ruɗani shi ne a kan tudu matsalar fitar giya ba ta bayyana, domin farfelar da ke juyawa a iska ba ta ɗauke da nauyi. Sai an sa jirgi a ruwa ake sanin gaskiya.

Me ke kashe kebur ɗin? Tsakanin bangon jirgi da ƙafar akwai robobi uku masu naɗi-naɗi kamar zuga-zugin maƙera: babba ta rufe sandar da ke kawo ƙarfin inji, ɗaya ta hayaƙi ce, ƙaramar kuma ta kebur ɗin giya. Rana da shekaru sukan busar da su su tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa mai laka ya bi ta tsagar, ya jiƙa kebur, yashi ya zauna a ciki. Zafin rani irin na Jigawa ba ya raga wa roba. Bayan lalata kebur, robar giya ko babbar idan ta yage tana iya shigar da ruwa cikin jirgin kansa, tunda a ƙarƙashin ruwa suke, har jirgin da aka ɗaure da yamma a wayi gari ya nutse. Shi ya sa ba a canza kebur a bar tsohuwar roba.

Canjin yana buƙatar a cire ƙafar gaba ɗaya, kuma a Alpha One dole giya ta kasance a gaba lokacin cirewa da lokacin mayarwa, saɓanin Bravo da ake cirewa a firi. Bayan an sa sabon kebur, sai a tura shi ciki har giyar gaba ta kulle, wani yana riƙe da farfela a juye ta hagu, sannan a auna daga tsakiyar ɗan gangar tagullar da ke kan zaren kebur zuwa tsakiyar ramin da ke ƙarshensa. Awon da kamfanin ya bayar inci 6 ne, wato santimita 15 da ɗan ɗoriya. Bayan nan ne ake daidaita kebur ɗin sama da shi. Idan gaba ta shiga ribas ta ƙi, akwai ƙusar da ke zamewa cikin wani tsagi a hannun farantin, ita ake ɗan ɗagawa har ribas ta kama. Awo da ido ba ya aiki a nan, a nemi tef.

Abubuwan da ke kama da matsalar giya

A injin ratayawa, matsaloli da yawa ana haifarsu ne ranar da aka sauke ƙafa don canza robar famfon ruwa, abin da kogi mai yashi ke tilastawa a kai a kai. A ƙanana da matsakaitan injuna sandar giya gida biyu ce, an haɗa ta da dogon noti da wani ƙaramin noti mai kulle shi. Idan aka mayar ba a kan adadin zaren da aka tarar ba, sai a samu gaba na shiga ribas ba ta shiga, ko akasin haka. Bakanike mai lura yakan ƙirga zaren ko ya yi alama da fenti kafin ya kwance. A manyan injuna kuma sandar tsagi-tsagi gare ta, don haka dole hannun giya da ƙafa su kasance a matsayi ɗaya kafin a haɗa.

Akwai kuma wanda zai ce ribas ɗinsa ta lalace, domin da ya sa ta sai ƙafar inji ta yi tsalle ta fito daga ruwa. Wannan ba giya ba ce. Akwai ɗan maƙulli da ke riƙe ƙafar a ƙasa, wanda masu bin ruwa mara zurfi ke saki domin inji ya ɗaga da kansa idan ya daki yashi. Dabara ce mai kyau a kan tafiya, amma kafin a sa ribas sai an mayar da shi.

Sai babbar mai ruɗin, wato inji ya yi ta kururuwa jirgi kuma ba ya gaba. A tsakiyar farfela akwai roba da aka matse tsakanin cibiyarta da fukafukanta, an sa ta ne domin idan farfela ta daki kututture ko dutse, robar ta zame maimakon haƙoran giya su karye. Idan ta taɓa zamewa, to za ta riƙa riƙewa a ƙaramin gudu, ta saki da an ba da wuta. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ja layi ɗaya da fenti ko ƙusa daga cibiya zuwa jikin farfela, a yi 'yar tafiya, a duba. Idan layin ya rabu biyu, farfela za a canza, a bar giya ta huta. A wasu ƙananan injuna wata 'yar ƙusa ce mai taushi ke yin wannan aiki, tana karyewa da gangan. Wanda ya maye gurbinta da ƙusar kafinta mai tauri ya mayar da asarar 'yan nairori ta koma kan giya. Ciyawa ma takan yi irin wannan, musamman kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadeja da Nguru. Idan ta naɗe farfela, sai a kashe inji a ɗaga ƙafa a warware.

Man giya shi ke ba da labari

Kafin a yanke hukuncin buɗe ƙafa, a tambayi mai. A jikin ƙafar akwai sukurori biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. A tsayar da inji a miƙe, a ajiye kwano, a kwance na ƙasa sannan na sama. Mai mai lafiya yakan fito garau ko da ya yi duhu. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Idan ruwa zalla ne ya fara fitowa, abin ya daɗe. Idan kuma ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, boris ne ke cin wuta. A injuna da yawa sukurun ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa. Ɗan laushin ƙarfe kamar toka ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke iya ji shaida ce cewa haƙori ya fara ɓantarewa.

A kogunanmu babban mai shigar da ruwa shi ne zaren masunta. Guntun raga ko igiyar mamari takan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, zafin juyi ya narkar da ita ta zama kamar faifan roba, ta yi ta yankar sil ɗin da ke tare mai har ta huda shi. Cire farfela a duba bayanta, a shafa wa sandar giris a mayar, aikin minti goma ne, kuma ya kamata mai aiki a ruwan da ake su ya riƙa yi duk mako. Domin gano inda ke yoyo, ana zubar da man, a hura wa ƙafar iska kaɗan ta ramin sukuru, a tsoma ta a ruwa a nemi kumfa, kamar yadda mai faci ke yi wa tub. Iskar kada ta kai rabin wadda ake ba tayar mota, in ba haka ba gwajin da kansa zai fasa sil.

Man da ake sawa man giya ne mai lamba 90, ba baƙin man inji ba, kuma ana canza shi bayan kowace awa 100 ta aiki. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har sai ya ɓullo ta na sama, domin idan aka zuba ta sama iska takan tare hanya, a ɗauka ya cika alhali rabi ne. Sai a fara ɗaure sukurun sama, sannan a zare bututun a yi maza a ɗaure na ƙasa, kowanne da sabuwar washa. Tsohuwar washa da aka maimaita, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, ta isa ta shigar da ruwan da zai ci giya.

Idan haƙoran sun riga sun goge

Alamar ba ta ɓuya. Ana cikin tafiya da lodi sai a ji "dum", jirgi ya girgiza kamar ya daki kututture, inji ya ɗaga murya, sannan giya ta sake kamawa. Zoben cafka ne ke tsallake haƙoran giyar gaba saboda bakinsu ya zama kamar bakin tsohuwar taɓarya. A wannan mataki babu saitin kebur da zai yi magani, sai an buɗe.

Zobe da giyar da yake tsallakewa tare ake canza su, domin sabon zobe a kan gogaggiyar giya ba ya daɗewa. Akwai masu kai zoben wurin mai walda a cike bakin a goge da dutse, akwai masu juya shi fuskar ribas ta koma gaba. Ba za a musa cewa jirgi yakan tashi da hakan ba, kuma mutumin da kayan gyara ke nesa da shi, sai an aika Kano mai nisan fiye da kilomita 100, ko ma Legas, yana da uzurin da na birni ba shi da shi. Amma taurin waɗannan ƙarafa a fatarsu ta waje yake, zafin walda kuma yana kashe shi. Irin wannan gyara na iya kai jirgin da babu kowa a ciki gida. A ganina bai kamata a ɗora wa irinsa mata da yara 'yan makaranta ba. Haka kuma tazarar da ke tsakanin ƙaramar giya da manyan ana daidaita ta ne da wasu siraran washoshi da ba su kai kaurin farce ba. A ajiye kowace a inda aka same ta, kuma idan an canza giya a nemi mai ma'auni da littafin kamfani ya sake aunawa. Ƙafar da aka haɗa ba awo takan yi kuka kamar busa, kuma ba ta cika ganin ƙarshen damina ba.

Ko da gyara ya yi kyau, gora da filafili da anka ko dutse mai igiya kada su bar cikin jirgi, tare da rigunan kariya da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta wajabta wa fasinjoji. Idan giya ta maƙale a gaba, a kashe inji tun daga nesa a ƙarasa da gora, kuma a doshi gaɓa goshin jirgi na fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin ƙarfin ruwan ya taimaka wajen tsayawa.

A yanki irin na Kiyako da Gwaram inji yakan yi wata bakwai ko takwas a ajiye. Ranar da aka fitar da shi daga ruwa a ƙarshen damina ita ce ranar canza man giya, ba ranar da za a mayar da shi ba, saboda ɗigon ruwan da ya kwana a ciki tun Oktoba zai ci boris da tsatsa kafin Yuni. A ajiye na ratayawa a tsaye cikin inuwa. Mai ƙafar waje kuma a sauke ƙafar ƙasa domin robobin nan uku kada su yi watanni a miƙe. Idan ruwa ya dawo, a ɗaure jirgi da igiya a bakin gaɓa, a tayar, a bar inji ya yi ɗumi, a sa gaba, firi, ribas, firi, sau da yawa ana sauraron "ƙwas" guda a kowace shiga. Daga nan matuƙi da yaronsa su kaɗai su zagaya da buhunan yashi a madadin lodi, su ba da wuta sosai, kafin a kira fasinjan farko.